Sukuru Mai Taurin Kai a Jikin Kwamfuta: Dalili da Magani

Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfuta domin share ƙura ko sauya wani sashe nata ya san gaskiyar wannan magana. Sau da yawa sukuru tara kan fita salin-alin, na goma ya kafe. Girmansa bai wuce na ƙwayar shinkafa ba, amma idan kansa ya cinye, yana iya tare hanyar zuwa ga faifan ajiya wanda ke ɗauke da sakamakon jarrabawar makaranta guda.

Yadda sukuru ke kamawa

Sukuru wata irin kusa ce mai tsagi wanda ya naɗe jikinta tamkar hanyar da ke kewaya dutse tana hawa sannu a hankali. Wannan tsagi shi makanikai ke kira tiredi. Sukurun M3, mai kaurin milimita 3, wanda ake yawan samu a kwamfutar tebur, yana shiga rabin milimita ne kawai a kowane juyi guda. Ta haka ɗan ƙarfin hannu ke zama matsi mai yawa. Kimanin kashi 90 cikin 100 na ƙarfin da ake murɗa shi da shi yana ƙarewa ne a gogayya, wato a ƙarƙashin kansa da kuma cikin tiredi. Gogayyar nan ita ce ke riƙe shi, kuma ta fi tsanani kafin ya motsa, kamar yadda tayar da mota daga tsaye ya fi ci gaba da tura ta wuya. Saboda haka juyin farko shi ne dukkan aikin.

Abin da ke sa ya kafe

Dalili na farko shi ne tsatsa. Idan ƙarfe ya haɗu da laima da iska, musamman da damina, sai ya yi tsatsa, ita kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, don haka takan cika tiredi ta toshe shi. Idan kuma sukurun ƙarfe ne a cikin alminiyam, laima kan sa alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa yana manne masa. Na biyu, masana'antu kan shafa wani shuɗin gam a tiredi domin kada jijjiga ta kwance shi. Na uku shi ne matsewa fiye da kima.

Amma dalilin da ya fi yin ɓarna shi ne sukurudireban da bai dace ba. Kan sukuru iri-iri ne. Akwai Phillips mai tsagi huɗu a gicciye, wanda Henry F. Phillips ya yaɗa a Amurka, kamfanin General Motors kuma ya fara amfani da shi a motar Cadillac a 1936. Akwai Torx mai siffar tauraro mai tsini 6, wanda ya fito a 1967, da kuma mai tsini 5 wanda kamfanin Apple ya fara sanyawa a kwamfutocinsa a 2009. Kowannensu yana da lambobin girma. Ramin Phillips yana tsukewa ne zuwa ƙasa, don haka idan aka murɗa da ƙarfi ba a danna ba, bakin sukurudireba kan zame ya fito, kowace zamewa kuma takan aske ɗan ƙarfe har ramin ya zama zagayayye.

Matakan kwance shi

Da farko a kashe kwamfuta, a zare ta daga wuta, a cire batir idan mai ciruwa ne. A share ramin kan sukurun da tsinke, a zaɓi sukurudireban da ya zauna daram ba ya girgiɗi. A tsayar da shi sak, a danna sosai, a murɗa hagu a hankali. Ɗan matse shi dama kaɗan kafin a juya hagu yakan karya riƙon tsatsa. Da zarar ya zame sau ɗaya, sai a dakata.

Idan kan ya fara cinyewa, a shimfiɗa robar ɗaure kuɗi mai faɗi a kansa, a danna sukurudireba ta bisanta, domin robar kan cike gurbin ta ƙara kamu. Idan kan ya ɗago sama, a damƙe shi da ƙaramar filaya a juya. Tsatsa tana buƙatar ɗigo guda na man kwance tsatsa a bakin tsinke, a bar shi ya ratsa, ba a fesa shi a kan allon lantarki ba. Gam kuwa zafi ke sassauta shi: a ɗora bakin ƙarfen narka darma a kan sukurun na 'yan daƙiƙoƙi. Sai dai a kwamfutar tafi-da-gidanka, sukuru kan shiga ne cikin ɗan gurbin tagulla da aka dasa a roba, kuma zafi mai yawa kan narka robar, gurbin ya riƙa juyawa tare da sukurun.

Mataki na ƙarshe shi ne yanka sabon tsagi a kansa ko huda shi da inji, kuma aikin ƙwararru ne. Ɓarɓashin ƙarfe guda ɗaya na iya haɗa wuta a allon lantarki, batirin litiyam kuma kan kama da wuta idan aka huda shi ko ya yi zafi. Akwatin rarraba wuta na kwamfutar tebur ma ba na ɗalibi ba ne ya buɗe, domin yana riƙe caji ko bayan an zare shi daga soket.

Kammalawa

Sukurun da ya kafe ba ƙarfi yake nema ba, sanin dalilin kafewarsa ake buƙata. Wanda aka fitar da wuya kuma kada a mayar da shi. A sa sabo mai irin tiredinsa da tsawonsa, domin wanda ya fi tsawo na iya huda abin da ke ƙarƙashinsa. A matse shi daidai inda ya tsaya, saboda mai gyaran da zai zo nan gaba.