Dukiya Daban, Arziki Daban

 In kaka ta yi a Kafinsoli da sauran garuruwan ƙasar Kankiya da Kusada, sai a ga dammunan gero da dawa jibge a gindin rumbu, 'yan kasuwa kuwa suna kewayawa da mudu da buhu. A nan ne mutum biyu kan rabu. Ɗaya ya saye hatsi da araha ya kulle, yana jiran tsakiyar damina, sa'ad da manomin da ya sayar masa zai komo saye da tsada. Ɗaya kuwa ya auna nasa, ya fid da hakkin Allah, kana ya zuba saura a rumbu. Na fari ya tara dukiya, na biyu ya sami arziki.

Malamai sun bambanta su. Dukiya ita ce abin da hannu ke ƙirgawa. Arziki kuwa shi ne abin da bawa ya amfana da shi, ya ci, ya tufata, ya ciyar.

Ƙasar nan ta ga ishara. A 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe a Kano saboda zuwan jirgin ƙasa, kuɗi suka shiga ƙauyuka. A 1914 sai ga yunwar da ake kira Kakalaba, mai rumbu ya fi mai jaka daraja. Daga bisani aka tayar da dalar gyaɗa a Kano, buhu bisa buhu, har farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman. Yau babu dala ko ɗaya.

Shari'a ba ta hana nema ba, iyaka ta gindaya masa. A Risala ta Ibn Abi Zaid, nisabin hatsi awsuƙi 5 ne, kowane wasaƙi sa'i 60. A fiƙihu, in ya kai haka ana fid da ushirinsa in ruwan sama ya shayar da shi, rabin ushiri in da wahalar ban ruwa aka noma. Kuɗi in sun kai nisabi, shekara ta kewayo, ɗaya ne cikin 40. Shanu daga 30 ake farawa, tumaki da awaki daga 40.

To, mai son sanin arzikin gari kada ya ƙirga ɗakunan ajiya. Ya jira watan marka, ya duba gidaje nawa hayaƙi ke tashi cikinsu da maraice.

Allah ya sa albarka cikin abin da ya ba mu, amin.