Tsohon Kwamin Ninkaya: Kafawa a Yini Ɗaya, Cirewa Sai da Lissafi

A unguwannin bayan gari na Amurka, iyalin da ba su da ƙarfin haƙa wurin ninkaya na siminti sukan sayi wanda ake girkawa a bisa ƙasa. Bango ne na ƙarfe ko alminiyom da ke zuwa a naɗe kamar tabarma. Sai a baza yashi a bayan gida, a zagaye shi da bangon, a lulluɓe ciki da leda mai kauri, a cika da ruwa. Yini ɗaya ko biyu ya wadatar. Amma idan shekaru suka ja, yara suka girma suka watse, tsatsa ta ci bango, sai abin alfahari ya zama alaƙaƙai.

Mai gida zai so ya kau da kai ya bar shi nan, to amma ruwan da ya kwanta ba na mai gida kaɗai ba ne. A shekarar 2007, lokacin da bankuna suka riƙa ƙwace gidajen waɗanda suka kasa biyan bashi, an bar wuraren ninkaya babu mai kula a birnin Bakersfield na jihar Kalifoniya. Ruwansu ya yi gansakuka, sauro ya hayayyafa, kuma masu bincike sun danganta hakan da ƙaruwar zazzaɓin West Nile a birnin. Hukumomin yaƙi da sauro a jihar har ƙananan kifaye masu cin tsutsar sauro suke sakawa cikin irin waɗannan ruwaye. Ga kuma abin da ya fi muni: hukumar CDC ta ce nutsewa a ruwa ce kan gaba wajen kashe yara 'yan shekara 1 zuwa 4 a Amurka.

Wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Duk wanda ya ratsa sababbin unguwannin Kano ko Kaduna ya ga tankunan siminti da magina suka bari a buɗe a kangwaye, damina ta cika su, yara na wasa a bakinsu.

Babban aikin cirewar shi ne ruwan kansa. Kwami mai faɗin ƙafa 24 da zurfin ƙafa 4 yana ɗaukar kimanin lita 51,000, wato jarka 2,000 da 'yan kai ta 'yan garuwa, nauyin tan 51. Wanda ya yi garaje ya farke ledar zai iya malale gidan maƙwabcinsa. Don haka ake fara yanke wutar famfo, a daina zuba sinadarin kulorin na kwanaki har ya gushe, sannan a janye ruwan sannu a hankali. Garuruwa da dama sun hana zuba shi a magudanar ruwan sama, domin ita kai tsaye take faɗawa rafi ba tare da tacewa ba, kulorin kuwa yana kashe kifi. A ganina wannan doka ta fi komai dacewa a koya.

Sauran aikin na ƙarfi ne kawai. A yayyanka leda a kai juji, a kwance ginshiƙai, a datse bangon gunduwa-gunduwa da safar hannu saboda kaifinsa, a sayar wa masu gwangwan. Abin da ke saura shi ne da'irar ƙasa da nauyin ruwa ya danƙare shekara da shekaru, wadda ciyawa ba za ta fito a kanta ba sai an kwashe yashin, an kafce, an zuba sabuwar ƙasa.