Ido Ba Shi Da Safaya: Haɗarin Da Ke Cikin Rumfunan Walda Da Kafinta

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Panteka ta Kaduna da hantsi, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko kuwa Owode Onirin a Ikko, ya san irin ƙarar da ke tashi a waɗannan wurare. Nan ana saran ƙarfe, can ana gurza shi da inji, gaba kaɗan wutar walda tana walƙiya kamar hadari ya taso. Injunan lantarki sun rage wa masu sana'a wahala ƙwarai, domin aikin da a dā maƙeri zai yini yana yi da zarto da magagari, yau yaro ɗan shekara 15 yakan gama shi kafin shayinsa ya huce. Amma in mutum ya tsaya ya dubi fuskokin ma'aikatan, sai ya tarar da yawansu ba su da komai a ido. Wasu baƙin tabarau na ado suke sawa, wasu kuma runtse ido kawai suke yi su kau da kai.

Injin gurzar ƙarfe shi ne ya fi kowane saurin yin ɓarna. Ƙaramin nan na hannu, wanda faifansa bai wuce milimita 115 ba, yana juyawa kamar sau 11,000 cikin minti ɗaya, watau bakin faifan yana gudun da ya zarce kilomita 200 a sa'a guda. Tartsatsin da ake gani yana fita, wanda yara ke sha'awar kallo, ɓarɓashin ƙarfe ne da na dutsen faifan, da zafinsu. In ɗaya ya faɗa kan baƙin ido sai ya manne. Cikin 'yan sa'o'i kaɗan hawaye ya sa shi ya yi tsatsa, tsatsar kuwa ta shiga naman wurin ta yi zobe. Ko da an cire ƙarfen, sai an kankare tsatsar a asibiti, in ba haka ba wurin ya ƙi warkewa. Idan tabon ya zo daidai tsakiyar ido, sai ya zama hakiya, mutum ya riƙa gani dishi-dishi muddin ransa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne ɗabi'ar cire murfin da ke kare faifan, don a samu a ɗaura babban faifai a kan ƙaramin inji. Kowane faifai an rubuta masa iyakar gudun da zai iya jurewa. In aka zarce, ko kuwa faifan ya riga ya tsage, sai ya tarwatse a fuskar mai aiki.

Sa'an nan ga wata masifa wadda ba ta zuwa da hayaniya. Makaniken da ke dukan ƙarfe da guduma a kan wani ƙarfe, ko kafintan da zarton injinsa ya ci karo da tsohuwar ƙusa a cikin katako, yakan ji kamar wani abu ya ɗan taɓa masa ido, ya murza, ya ci gaba da aikinsa. Alhali kuwa wani ɗan tsinin ƙarfe wanda bai kai ƙwayar gero ba ya huda idon ya shige ciki, ƙofar da ya bi ta rufe. Ba jini, zafin ma ba yawa. In ya zo da ƙwayoyin cuta, idon yakan ruɓe cikin 'yan kwanaki. In kuwa bai zo da su ba, ƙarfen yakan zauna yana narkewa a hankali yana ɓata jijiyoyin gani, sai bayan watanni ko shekaru mutum ya ga idonsa yana dushewa, shi kuwa ya riga ya mance da ranar da abin ya faru. Saboda haka ne likitocin ido kan tambayi irin aikin da mutum yake yi, su kuma ɗauki hoton idon ko da bai nuna alamar rauni ba.

Masu walda nasu ciwon daban ne, kuma duk sun san shi. Hasken waldar lantarki yana ɗauke da wani irin haske wanda ido ba ya gani, shi ne ke ƙona fatar baƙin ido. Ba a jin komai a lokacin aiki. Sai bayan sa'a 6 zuwa 12, galibi tsakar dare, mutum ya farka kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba, ba ya iya kallon ko fitila. Yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu, abin da ya sa ake raina shi ke nan, har wasu na ɗaukarsa kamar wani harajin shiga sana'a. Cikin waɗanda yake kamawa kuwa har da yaran da ke riƙe wa maigida ƙarfe, domin garkuwar fuska guda ɗaya ce a rumfar, tana hannun maigida. Hatta mai shayin gefe da 'yan tallan da ke tsayawa kallo ba su tsira ba. Baƙin tabarau na kasuwa ba ya maganin wannan. Waldar lantarki tana bukatar gilashi mai duhu lamba 10 zuwa 13, gwargwadon ƙarfin wutar, ta iskar gas kuwa kamar lamba 5.

Tabarau na aikin ƙwarai ana yin sa da wata roba mai tauri wadda ba ta fashewa, yana da shinge ta gefe, kuma akan ga an buga masa alamar Z87 ko EN 166 a jiki. Tabarau na karatu ko na ado, in ƙarfe ya buge shi, shi kansa yakan zama makami. Mai gurzar ƙarfe ya kamata ya ƙara da garkuwar fuska mai haske a kan tabarau. Likitocin ido na Amurka sun daɗe suna cewa raunuka tara cikin goma da ido ke samu, da an sa abin kariyar da ya dace da ba su auku ba. Ma'aikata kan yi kukan cewa tabarau yana yin gumi, yana kuma hana su ganin aiki sosai. Kukan yana da gaskiyarsa a ƙasa mai zafi, amma sau da yawa laifin na tabarau ɗin da ya ƙoƙe ne, wanda aka daɗe ana jefa shi cikin akwati ɗaya da sufana da ƙusoshi.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wa masu masana'anta su tanadar wa ma'aikata abin kare ido a ayyuka irin su gurzar ƙarfe da walda. Sai dai sufetocin gwamnati ba safai suke isa rumfar bakin titi ba, inda mafi yawan wannan aiki yake. A can maigida shi ne doka, yaro kuwa abin da ya ga maigidansa yana yi shi zai yi.

Ɓarnar da ake yi bayan rauni takan fi raunin kansa. Akwai masu tono abin da tsinken ashana, da masu lasowa da harshe, da masu kanga maganaɗisu. Akwai masu ɗiga nonon mace, ko ruwan albasa, ko na sukari, wasu har da fitsari, wanda yakan kawo ƙwayoyin cutar da ke narkar da ido. Wasu kuma kemis suke zuwa su sayi maganin ɗigawa ba da umurnin likita ba, alhali akwai irin da in an sa shi a kan gyambo sai ya ƙara masa zurfi. Abin da ya dace shi ne kada a murza. In ƙura ce ko garin katako, a wanke da ruwa mai tsabta. In ruwan batir ne ko siminti ko farar ƙasa, a yi ta kwarara ruwa nan take har minti 20 ko fiye, kana a tafi asibiti. Amma in ana zaton wani abu ya huda idon, to, kada a wanke, kada a danna, kada kuma a yi ƙoƙarin zare shi. A yanko gindin kofin roba mai tsabta a kifa a kan idon, a manne shi, mutum ya dakata da cin abinci domin mai yiwuwa a yi masa aiki.

Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, wanda aka kafa a 1943, da Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda dokar soja ta 1979 ta kafa, da sassan ido na asibitocin koyarwa a Ikko da Badun da sauran manyan garuruwa, duk suna karɓar irin waɗannan raunuka. Idon da aka huda ana son a ɗinke shi cikin sa'a 24, saboda haka ba a jira sai an tashi daga aiki, balle a ce sai gobe in an ga yadda ya kwana.