Gyaran tafiya bayan tiyatar jijiyar gwiwa

Gyaran tafiya wani horo ne da masu gashin ƙashi ke bai wa wanda aka yi wa tiyatar jijiyar gwiwa, domin ya koma taka ƙafarsa yadda yake yi kafin ya ji rauni. Manufarsa ita ce kare gwiwar daga amosanin gaɓa, ciwon da ke tasowa idan guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi ya zaizaye.

Jijiyar da raunin

A tsakiyar gwiwa akwai jijiyoyi biyu da suka gitta juna, suna riƙe ƙashin cinya da na ƙwauri. Ta gaban, wadda likitoci ke kira ACL, ita ta fi tsinkewa, musamman idan mutum ya kafe ƙafa a ƙasa ya juya jiki da ƙarfi, kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa da kokawa. Likita kan maye gurbinta da jijiyar da ya yanko daga ƙasan ƙoƙon gwiwa ko daga bayan cinya.

Tiyata kan hana gwiwa gocewa, amma ba ta kawar da haɗarin amosani. Wani nazari da Stefan Lohmander da abokan aikinsa suka wallafa a 2007 ya nuna cewa kusan rabin masu irin wannan rauni kan kamu da amosanin gwiwa cikin shekara 10 zuwa 20. Ke nan matashin da ya ji rauni yana ɗan shekara 20 na iya soma fama da ciwon tsofaffi tun kafin ya kai 40.

Alaƙar tafiya da amosani

Bayan tiyata, tsokar gaban cinya kan yi rauni, ga kuma tsoron ciwo. Sai mutum ya riƙa sandarar da gwiwar yana jingina nauyinsa a kan lafiyayyar ƙafa. Wannan ɗingishi kan ragu har ido ya daina ganinsa, amma na'urar awo kan gano shi ko bayan shekara guda.

Mutane da yawa na zaton lallaɓa ƙafar shi ne kiyaye ta, alhali guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini. Daga ruwan gaɓa yake samun abinci, kuma ruwan na shiga yana fita ne idan an danne shi an saki, kamar soso. Wurin da aka daina ɗora wa nauyi kan yi laushi, wanda nauyin ya koma kansa kuma bai saba ɗauka ba. Masu bincike a Jami'ar Delaware ta Amurka sun ruwaito a 2016 cewa waɗanda amosani ya bayyana a gwiwarsu bayan shekara 5 su ne waɗanda tun farko suka fi rage wa gwiwar nauyi.

Yadda ake horon

Ana farawa da sauke kumburi, da miƙe gwiwa sosai, da farfaɗo da tsokar cinya. Daga nan sai a koya wa majinyaci sauke dunduniya tukuna, ya bar gwiwar ta ɗan lanƙwashe yayin karɓar nauyi, ya kuma daidaita tsawon takun ƙafafun biyu. A Jami'ar North Carolina, Brian Pietrosimone da tawagarsa na amfani da injin tafiya mai auna nauyin kowane taku, majinyaci na kallon allo yana gyara kansa nan take. Ana ci gaba da gwaji don tabbatar da ko hakan na hana amosani a tsawon shekaru. Inda babu wannan na'ura, madubi da bidiyon waya da sikeli biyu na yin amfani. Komawa wasa kuwa, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a jira aƙalla wata 9, kuma ƙarfin cinyar ya kai kashi 90 cikin 100 na ɗayar.

A Daura da kewaye

A masarautar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, wanda ya gurɗe gwiwa a filin ƙwallo ko a haɗarin babur yakan fara zuwa wurin mai ɗori. Sai dai jijiya ba ƙashi ba ce: ɗauri ba ya haɗa ta, hoton ƙashi ba ya nuna tsinkewarta sai hoton MRI, kuma ɗaure gwiwa na makonni na ƙara sandarar da ita. Masu buƙatar ƙwararru kan nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. Nisa da kuɗin mota kan sa wasu su yanke zuwa gashin ƙashi da zarar sun ajiye sanda, tun kafin takunsu ya daidaita.