MASU KALLON TSUNTSAYE: ZAMANSU A GIDA DA ZUMUNCINSU

Akwai waɗansu mutane a ƙasarmu waɗanda in ka gan su da sassafe a bakin fadama, sun yi tsaye cik, sun kafa madubin hangen nesa a ido, ba bindiga, ba baka, ba tarko, sai ka yi tsammani wani abu ya taɓa su. Lafiyarsu ƙalau. Masu kallon tsuntsaye da namun daji ne, bukatarsu kawai su ga halitta tana harkarta, su rubuta abin da suka gani, su koma gida. Kwanan baya mun sami zarafi mun yi kwana biyu tare da waɗansunsu a wani gari na gefen fadamar Haɗeja, muka ci tuwon gidajensu, muka zauna a zaurensu. Mun ga ya kamata mu ba masu karatu labari, musamman malaman makaranta da akawuna, gama akwai abin da ya shafe su a ciki.

GIDAN MAI MASAUKINMU

Mai masaukinmu tsohon hedimasta ne, ya bar aiki ya zauna gida. Da shigarmu tsakar gidan muka ga abin da ba mu saba gani ba. A gindin darbejiya an ajiye kasko biyu cike da ruwa, an barbaɗa tsaki a gefe. Kurciya da hasbiya da asisi da baiwar Allah suna sauka suna sha, yara na wasa kusa da su, ba mai kora. Dokar gidan ɗaya ce, ko jikokinsa sun san ta: ba a shigo da danƙon harbin tsuntsu. Yaron unguwa da ya zo da nasa, a zaure ya ke ajiyewa, in zai tafi ya ɗauka.

Malam ya kan tashi tun asalatu. In ya dawo daga masallaci ya kurɓi kunu, ya rataya madubinsa, ya sa ɗan littafi da fensir a aljihu, ya hau keke. Ba ya komowa sai hantsi ya dubi ludayi. Muka tambayi uwargida yadda ta ke ji da wannan hali. Ta yi dariya ta bayan labule, ta ce da fari ba ƙaramin ɓacin rai ta sha ba. Mutum ya fita da farin wando ya komo da taɓo har gwiwa, a aike shi cefane ya tsaya kallon shirwa har mai nama ya tashi. Ran da ya sayo madubin nan kuwa, ta ji kuɗinsa ya isa sayen tunkiya, kwana biyu ba ta yi masa wata doguwar magana ba. Maƙwabta ma suna ta raɗa, wai boko ya yi wa Malam yawa.

To, amma yau da gobe ba ta bar komai ba. Yanzu in Malam ya yi tafiya ita ke riƙe da littafin tsakar gida. Bara ma ita ta fara ganin shamuwa ta sauka a kan tsamiyar bayan gida, ta sa jikarta ta rubuta rana da wata. Da ya dawo ta tarye shi da albishir tun bai cire takalmi ba, ta ce, "Malam, baƙinka sun iso, ka zo ka yi musu sannu da zuwa."

Da dare ya jawo wata adaka daga ƙarƙashin gado, ya buɗe mana. Cike ta ke da littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, kowanne an ja masa layi kamar rajista: rana, wuri, sunan tsuntsu, yawansu, sa'an nan yanayin gari, ko hazo, ko hadari, ko iska. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin kuɗi ko rajistar aji, da ya gani zai san aikin mai tsari ne.

HIRAR ZAURE

Ran Juma'a bayan la'asar abokan suka hallara, haka su ke yi kowane mako. Akwai wani akawu na ƙaramar hukuma, da malamin firamare, da masunci, da wani dattijo tsohon maharbi, da saurayi ɗalibin jami'a wanda ya zo hutu. Aka shimfiɗa tabarma, aka ɗora shayi, aka fasa goro. Gaisuwarsu irin ta kowa ce, ina gajiya, ina iyali, yaya mai jiki, sai dai tana da jela. Da an gama tambayar mutanen gida sai ka ji an ce, "To, Malam, me ka gani?"

Nan hira ta ke ɓarkewa. Masunci ya ce kirinjijiya ta yi yawa a tafkin gabas, ɗinya kuwa ta ja baya. Akawu ya ce ya ga zalɓe iri biyu a hanyarsa ta zuwa ofis. Ɗalibi ya fito da hoto a wayarsa, ya faɗi sunan tsuntsun da Turanci da Latin. Dattijo ya karɓa ya duba, ya ce, "Ɗana, wannan ai ragon maza ne, tun ba a haifi babanka ba na san kukansa." Yaro ya rusuna ya ce, "Allah ya gafarta Baba, a faɗa mini sannu in rubuta." Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi, wannan da ilmin littafi, wancan da ilmin daji, aka haɗa aka sami abin da ɗaya ba zai iya shi kaɗai ba. Sau da yawa su kan jera sunan tsuntsu guda da Hausa da Barbarci da Badanci da Fillanci, gama duk waɗannan harsuna ana jin su a fadamar.

Dattijon nan ya ba mu mamaki. Shekarunsa na ƙuruciya da kan burtu ya yi su, watau ya ɗaura kan tsuntsun a goshi, ya yi rarrafe cikin ciyawa yana kwaikwayon kiwonsa, har ya kusanci barewa ba ta ankara ba. Yanzu ya rataye kan burtun a bango. Haƙurin da ya koya wajen farauta shi ya ke koya wa yara wajen kallo: ka bi ta inda iska ba za ta kai warinka ba, ka sa rana a bayanka, kada ka nuna da yatsa, kada ka sa farar riga.

Suna da ƙa'ida guda wadda ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Abin da ba ka gani da idonka ba, ko ba ka ji kukansa sarai ba, ba ya shiga littafi. Mun ga an yi gardama mai zafi a kan wata agwagwar ruwa, har shayi ya huce, daga bisani aka shirya a tafi tare da asuba a duba. Gani ya kori ji.

Zumuncinsu bai tsaya ga tsuntsu ba. In an yi wa ɗayansu haihuwa su ne a gaba ran suna, in ya kwanta ciwo su ne a bakin gado. Matansu ma sun saba, har suna biki da juna. Suna kuma da ɗan asusu, kowa na jefa abin da ya sawwaƙa, don tafiya Yankari da rani.

TAFIYA YANKARI

Gandun dajin Yankari yana Jihar Bauci, faɗinsa murabba'in kilomita 2,244. Gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, a 2006 aka mayar wa Jihar Bauci. Abokan namu sun fi son zuwa tsakanin Janairu da Afrilu, domin a lokacin ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, dabbobi sun taru a bakin kogin Gaji. Can a ke ganin ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo da gadu, ga gwaggon biri har ƙofar masauki yana satar abincin baƙi. Mai sa'a ya kan ga giwa, gama garken Yankari na cikin 'yan kaɗan da suka rage a Nijeriya. Da yamma a faɗa ruwan Wikki mai ɗumi a wanke gajiya. Tafiyar kwana uku ce, amma hirarta ta kan kai shekara a zaure.

ASALIN ABIN

Kada mai karatu ya zaci wannan sabon abu ne. Kakanninmu da tsuntsu su ke karanta shekara. In shamuwa ta iso, wajen Afrilu ko Mayu, manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi. Ta kan yi sheƙa a cikin gari, ta ƙyanƙyashe da damina, in kaka ta gabato ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Abin da zamani ya ƙara shi ne rubutu.

A 1930 aka kafa ƙungiyar masu nazarin halittun Nijeriya da a ke kira Nigerian Field Society. A 1964 masu sha'awar tsuntsaye suka kafa tasu, cikinsu har da C. H. Fry, malami a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da R. E. Sharland wanda ya daɗe a Kano yana sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa. Wannan zobe yana ɗauke da lamba da adireshi, ta haka a ke gane inda tsuntsu ya fito. Da irin wannan aiki aka tabbatar da cewa waɗansu tsuntsayen da mu ke gani a fadama da sanyi, daga Turai da ƙasar Rasha su ke tasowa, su ƙetare Bahar Rum da Sahara, su zauna da mu daga wajen Oktoba zuwa Maris. A 1979 ƙungiyar ta faɗaɗa ta game Afirka ta Yamma.

A da yawancin masu yin abin Turawa ne. Yanzu ya dawo hannun 'yan ƙasa. A 2001 aka buɗe cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum, ƙarƙashin Jami'ar Jos, tana horar da samarinmu da 'yan matanmu. A duwatsun ƙasar Jos ɗin nan ne aka gano wani ɗan tsuntsu, ɗan'uwan baiwar Allah, wanda masana ba su ba shi suna ba sai a 1998. Daga 2015 kuma aka soma aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda ya dogara ga rahoton 'yan sa kai irin abokan nan namu. An ƙirga tsuntsu fiye da iri 900 a ƙasar nan.

ABIN DA LITTATTAFAN SUKA NUNA

A nan ne hira ta yi nauyi. Malam ya buɗe tsofaffin littattafansa, ya nuna mana shafi bayan shafi inda ya rubuta ungulu a mahauta da kasuwa. Ya buɗe na kwanan nan, layin ungulu fayau. Muna roƙon mai karatu ya tambayi kansa yaushe rabonsa da ganin ungulu a kan rumfar mahauta. A 2015 ƙungiyar duniya mai kula da kare halittu ta sa irin ungulun nan tamu cikin waɗanda ke bakin ƙarewa. Guba da a ke sa wa mushe tana kashe su da yawa a lokaci guda, ga kuma masu sayen kai da ƙafafunta don tsibbu. Ita ce kuwa mai share mana mushe kyauta, in babu ita sai ƙuda da karnuka. Gauraka ma, mai tukku kamar rawanin sarauta, ya yi wuyar gani ƙwarai.

Fadamar kanta ta sake. Duniya ta san darajarta: Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth ta Ingila, ya ziyarci Dagona a 1989, a shekarar 2000 kuma aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ta ke kiyayewa. Amma tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadama kowace damina ta ragu, ruwa kuma ya koma gudu kaɗan kaɗan rani da damina. Wannan ya yi wa kacala daɗi, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye wuraren su da gonakin shinkafa, ta zama maɓoyar jan-baki mai ɓarnar gero da dawa. Masunci ya ce da mu, "Ranka ya daɗe, inda agwagwa ta rasa wurin sauka, nan ni ma na rasa wurin jefa koma." Ashe maganar tsuntsu maganar tuwo ce.

KIRA GA MALAMAI DA AKAWUNA

Ba don littattafan adakar nan ba, da sai dai a ce da ungulu ta fi haka yawa, wani ya ce a'a, gardama ta ƙare a nan. Rubutu shi ne shaida. Saboda haka mu ke kira ga waɗanda alƙalami ne sana'arsu. Ba sai da madubi mai tsada ba. Littafi guda da fensir sun isa, da kaskon ruwa a tsakar gida.

Malamin makaranta ya sa 'yan ajinsa su rubuta ranar da shamuwa ta iso garinsu da ranar da ta tashi, su ƙirga sheƙunanta, a ajiye a ofishin hedimasta shekara bisa shekara. Ya aike su wurin kakanninsu su tambayo sunayen tsuntsaye da namun daji, tun masu sanin ba su ƙaura ba, gama yaro da yawa yau bai san bambancin shaho da shirwa ba. Akawu kuwa ya duba hanyarsa ta zuwa aiki, ya rubuta abin da ya gani da rana da wata, kamar yadda ya ke shigar da takarda a fayil. In an sami mutum uku ko huɗu a gari, su riƙa haɗuwa ko da sau ɗaya a wata, zumunci a ƙafa ya ke.

Da za mu taso, uwargida ta aiko mana da ƙullin daddawa da busasshen kifi, Malam ya raka mu har tasha. Mota na shirin tashi sai muka ga ya ɗaga kai sama, ya laluba aljihu ya fito da fensir. Balbela ce ta wuce a jere, ta nufi fadama. Allah ya ƙara masa lafiya, ya kuma bar mana su jikokinmu su gani, amin.