In An Fasa Tafiya, Ina Makomar Kuɗin Matafiyi?

A ƙasashen Turawa akwai wasu manyan jiragen ruwa waɗanda ba su ɗaukar kaya, sai mutane masu son shaƙatawa. Mutum ya biya kuɗinsa tun da sauran watanni, a ba shi ɗaki a cikin jirgi, a yi ta yawo da shi tsibiri tsibiri har mako guda ko biyu, sa'an nan a komo da shi inda aka ɗauke shi. Inda aka fi yin wannan yawo kuwa shi ne tekun Karebiyan, kudu da Amurka. To, amma tekun nan yana da lokacin guguwa, daga farkon watan Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba. A watan Satumba na 2017 wasu guguwoyi biyu, Irma da Mariya, suka afka wa tsibiran nan a jere, suka lalata tashoshi, ala tilas aka fasa tafiye-tafiye da yawa.

In haka ta faru, kamfanin jirgi ya kan buɗe wa matafiyi ƙofa biyu. Ko ya karɓi kuɗinsa, ko kuwa a ba shi takardar shaidar cewa yana bin kamfani bashin tafiya, ya zaɓi wani lokaci nan gaba. Sau da yawa a kan yi wa ƙofa ta biyu zaƙi don a hana kuɗi fita. A 2020, da annoba ta tsayad da jiragen gaba ɗaya, kamfanoni da dama sun ce duk wanda ya bar dala 100 za a rubuta masa 125. Sai dai takardar tana da ranar mutuwa, kuma ba ta hana kuɗin ɗaki tashi.

Mai karatu a Ɗambatta ko Kunci ko Tsanyawa ya iya cewa, mu da ba mu da teku, ina ruwanmu da wannan? To, a yi haƙuri a bi ni, gama ƙofofin nan biyu an buɗe su a ƙauyukanmu ba da daɗewa ba, kuma akawuna da malaman makaranta su aka riƙa tambaya wacce za a shiga.

Abin Da Shari'a Ta Ce

Wannan magana ba baƙuwa ba ce ga malamanmu na zaure. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, littafin da ake karantawa a zaurukan ƙasar Kano, an kawo hukuncin mai jirgin ruwa a babin ciniki da haya. Hukuncin kashi biyu ne. Na ɗaya, ba a ɗora wa mai jirgi ramuwar abin da ya salwanta ba da sakacinsa ba. Na biyu, ba shi da kuɗin haya sai ya kai mutum inda aka yi alkawari. Watau iska ba laifinsa ba ce, amma iska ba ta halatta masa kuɗin aikin da bai yi ba.

Dokokin zamani ma a kan wannan turba su ke. A Tarayyar Turai, dokar 2015 ta ce idan kamfanin yawon shaƙatawa ya fasa tafiya, lalle ya mayar wa mutum kuɗinsa cikin kwana 14. In kuwa abin da ya sa aka fasa ya fi ƙarfin kowa, kamar guguwa, ba a ƙara masa diyya a kai. A Amurka, hukumar da ke lura da jiragen ruwa ta kafa doka a 2022 cewa in an fasa tafiya, ko an jinkirta ta kwana 3 ko fiye, fasinja yana da haƙƙin neman kuɗinsa. Saboda haka mayad da kuɗi haƙƙi ne, ba alfarma ba. Amma barin kuɗi don wata tafiya sabon ciniki ne, wanda ya kamata mutum ya san sharuɗɗansa kafin ya sa hannu.

Jirginmu Na Nan Gida

Babbar tafiyar da manomin arewacin Kano ke biya tun da sauran watanni ita ce ta aikin Hajji. Kakanninmu sun yi ta da ƙafa da jaki, ta Barno da Cadi har Sudan, su haye Bahar Maliya a jirgin ruwa, wasu su shekara da shekaru a hanya. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash suka kafa ƙungiyar kai alhazai wadda unguwar Wapa a Fagge ta samo sunanta daga gare ta. Daga baya gwamnati ta karɓi aikin, ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa a 1975, sa'an nan dokar 2006 ta haifi wadda ake kira NAHCON, jihohi kuma kowace da tata.

Kowa ya san ƙasar nan tamu ya san yadda kuɗin kujera ke taruwa. Ƙauye na jin kiran sallar ƙauye, gona na jingine da gona, babu saura babu daji. Gonar gado an raba ta har ta koma 'yar tafin hannu, ba ta ba da amfani sai an ciyad da ita da taki kowace shekara. Wanda ya yi niyya, sai ya haɗa kuɗin gyaɗa da na wake na kaka da yawa, ya ƙara da na noman rani in yana kusa da madatsar Tomas, ya kai bijimin da ya yi kiwo kasuwar Ɗambatta. In abin bai cika ba, wani har ya jinginar da gona. Kuɗin da irin wannan mutum ya kai ofishin alhazai, ƙarfin gida ne gaba ɗaya.

Ran 22 ga Yuni, 2020, Sa'udiyya ta ba da sanarwa cewa saboda annobar korona ba wanda zai zo Hajji daga waje. A 2021 ma haka aka yi, aka taƙaita aikin ga mutum 60,000 mazauna ƙasar. Wannan ita ce guguwarmu. Ba laifin hukuma ba ne, ba na maniyyaci ba. Hukumomin alhazai suka ce wanda ke so ya zo ya karɓi kuɗinsa, wanda kuma ke so ya bar su har a buɗe hanya.

Abin Da Aka Tarar Bayan Kowace Ƙofa

Mutane da yawa sun bar kuɗinsu, suna zaton kujera ce aka ajiye musu. Da aka buɗe hanya a 2022 sai abu uku suka bayyana.

Na farko, farashi. Kujerar da ta ke wajen Naira miliyan 1.5 a 2019 ta koma wajen miliyan 2.45 ga maniyyatan yawancin jihohin Arewa. Wanda ya bar kuɗinsa sai da aka nemi ya kawo ciko na kusan miliyan guda, cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma a bakin damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki na jira.

Na biyu, yawan kujeru. Nijeriya da ta saba samun 95,000 sai aka ba ta 43,008 kawai, ko rabi bai kai ba. Saboda haka ba duk mai kuɗi a ajiye ne ya sami wuri ba.

Na uku, shekaru. A waccan shekara an ce wanda ya haura 65 ba zai je ba. Dattijon da ya biya yana da 64 a 2020, jira ya fid da shi daga layi. Sai a 2023 aka ɗage wannan sharaɗi.

Waɗanda suka karɓi kuɗinsu su ma ba duka suka ji daɗi ba. Kuɗi in sun shigo gida ba su rasa mai nema: ga aure, ga suna, ga rashin lafiya, ga ɗan'uwa mai neman rance. Wanda ya binne su a ɗaki kuma, darajarsu ta zube yana kallo. A farkon 2020 dala ɗaya wajen Naira 360 ta ke a kasuwa, a Fabrairun 2024 ta haura 1,500, ga shi kuwa yawancin hidimar Hajji, jirgi da masauki, da kuɗin waje ake biyanta. Amma wanda ya mai da kuɗinsa maruƙa ko hatsi, ko ya fanshi gonarsa ya ci gaba da nomanta, dukiyarsa ta bi farashi tana tashi tare da shi.

Ko a 2022 ɗin ma ba a gama ba. An hau Arfa ran 8 ga Yuli, alhali kuwa wajen mutum 700 na Jihar Kano suna nan gida, sun biya ciko, sun yi bita, sun yi sallama da dangi, jirgi bai kwashe su ba har aka rufe filayen sauka. Hukumar ƙasa ta ba da haƙuri, ta yi alkawarin mayad da kuɗi. Wanda ya ce a mai da shi baɗi, ya tarad da kujera a 2023 ta kai wajen miliyan 2.9.

Darasin duka ke nan a taƙaice: ajiye kuɗi daban, ajiye kujera daban. Takardar da Bature ke karɓa a Amurka da rasidin da manomi ke karɓa a Bici, ciwonsu ɗaya, adadin kuɗi su ke riƙewa, ba su riƙe farashi.

Aikin Akawu Da Malami

A zamanin En'e malamin hakimi ne mai karanta wa talaka takarda. Yau ma a ƙauye, in takarda ta zo, wurin akawun ƙaramar hukuma ko malamin firamare ake kai ta da yamma. Wannan amana ce, kuma ga abin da ya kamata mai riƙe ta ya lura da shi.

Da fari, rasidi. A tabbata kuɗi sun shiga asusun hukuma ta banki, da sunan maniyyaci kamar yadda ya ke a fasfo ɗinsa. Kuɗin da aka danƙa wa wani a hannu, don wai ya san mutane a birni, ranar da aka fasa tafiya ba su da uba. A yi wa rasidi hoto, a ajiye ɗaya wurin babban ɗa ko wani amintacce. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Na biyu, kafin mutum ya ce a bar kuɗinsa, a yi masa tambaya huɗu a rubuce, a nemi amsa a rubuce. Shin kujera aka riƙe masa ko kuɗi? In farashi ya tashi, wa zai biya ciko, kuma kwana nawa za a ba shi? In kujeru sun yi kaɗan, shi ne a gaba ko wanda ya biya daga baya? In ya sāke shawara, yaushe zai iya karɓar kuɗinsa, kuma za a cire wani abu?

Na uku, a duba inda kuɗin suka fito. Wanda ya jinginar da gona, kowace damina ta jira amfanin gonarsa na shiga rumbun wani. Irin wannan ya fi masa ya karɓi kuɗinsa ya fanshi gonarsa, gama Hajji wajibi ne ga mai iko, ba a ce a bar iyali da yunwa dominsa ba. Wanda kuwa kuɗinsa rara ce, kuma ya san in sun shigo gida ba za su kwana ba, barinsu ya fi masa, muddin ya fara tanadin ciko tun daga kakar farko. Ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai kuma tsarin Adashin Gata, wanda hukumar ƙasa da bankin Jaiz suka ƙaddamar a Kano a 2020, inda ake juya ajiyar maniyyaci ta hanyar halal a ba shi rabonsa na riba. Mai niyyar jira mai tsawo ya kyautu ya je ya ji sharuɗɗansa.

Na huɗu, a gaya wa mutum gaskiya game da ƙananan kuɗi. Na fasfo, da na mota zuwa Kano, da na walimar sallama, ba su cikin abin da ake mayarwa. A duba kuma ranar mutuwar fasfo, kada jira ya cinye shi ba a sani ba.

Na biyar, rai. Shekara biyu ba kwana biyu ba ce ga dattijo. In maniyyaci ya rasu kafin tafiya, kuɗin nan na cikin abin da ya bari, magada za su nema. Ya kamata a rubuta sunan wanda zai bi sawu tun mai kuɗi na da rai, dagaci ko limami ya shaida.

A ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana malamai, da ɗalibanmu da za su fita koyarwa. Muna ba yara lissafin riba da faɗuwa da misalan da ba su taɓa gani ba. Ga misali a ƙofar gida: mutum ya ajiye miliyan 1.5, bayan shekara biyu an ce 2.45, nawa ne ciko, kuma kashi nawa ne cikin 100? Muna koya musu rubuta wasiƙa zuwa ga aboki, me zai hana su koyi rubuta wa hukuma takardar neman haƙƙi, da kwanan wata, da lambar rasidi, da ladabi? Yaron da ya iya waɗannan biyu ya zama garkuwar gidansu.

Iska da annoba na Allah ne, ba mai tare su. Amma karanta takarda kafin a dangwala hannu, wannan namu ne. Allah ya ba masu niyya ikon cikawa, ya sa mu riƙe amanar waɗanda ba su iya karatu ba. Amin.