Kuɗin da Mai Kanti Ya Mayar Mana Bisa Kuskure: Na Wane Ne?

A wannan fitowa muna so mu duba wata magana wadda takan raba kan 'yan ƙungiya idan ta taso. Maganar kuwa ita ce: in muka mai da kaya kanti, mai kanti ya yi kuskure ya mayar mana da kuɗi fiye da namu, ko ya biya mu sau biyu, me ya kamata mu yi da rarar?

Yadda kuskuren yake faruwa

Wudil gari ne na ciniki. Yana bakin kogi, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Maiduguri, kuma kasuwarsa ta ran Juma'a ta yi suna wajen shanu. Ranar kasuwa mai kantin taki da iri da maganin feshi ba ya samun sararin ko shan ruwa. Wannan yana ciniki, wancan yana neman canji, wani kuma ya komo da kaya. A cikin irin wannan hayaniya lissafi yakan kuɓuce wa mutum.

Ba yau aka fara ba. Dattawanmu suna tune da ran 1 ga Janairu 1973, sa'ad da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Fam guda ya zama naira 2, sule kuwa kwabo 10, aka daɗe ana ruɗewa wajen ba da canji. Shekara 50 bayan haka, a farkon 2023, takardun kuɗi suka yi wuya saboda Babban Banki ya sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000. Dole ta sa mutane da yawa suka koma biya ta waya, ko ta na'urar POS. Daga nan wani sabon kuskure ya samu ƙofa. Wani lokaci a tura kuɗi, saƙon shaida ya makara, sai a ɗauka ba su tafi ba, a sake biya.

Ga misali. A ce ƙungiya ta sayi taki buhu 40, kowane buhu naira 30,000. Da aka kai ƙauye aka tarar buhu 5 sun sha ruwa sun dunƙule. Ma'aji ya mai da su. Yaron kanti ya tura naira 150,000 zuwa asusun ƙungiya, amma saƙo bai shigo ba. Don kada ma'aji ya kwana a Wudil, sai yaron ya ƙirga masa tsabar kuɗi ya ba shi. Bayan kwana biyu, sai ga waɗanda aka tura sun faɗo. Yanzu ƙungiya tana riƙe da naira 300,000, alhali rabinsu ne kaɗai haƙƙinta. Mai kanti kuwa bai sani ba.

Abin da akan faɗa a wurin taro

In ma'aji ya kawo wannan labari, lalle za a ji baki iri iri. Wani ya ce, rabo ne, mu ba mu roƙa ba, ba mu kuwa sa hannu a aljihun kowa ba. Wani ya ce, ai tsintuwa ce. Wani kuma ya ce, sau nawa masu kanti suka sayar mana da irin da bai tsiro ba? Bari mu ma mu rama.

Ba mu rena waɗannan maganganu ba, gama masu faɗarsu mutane ne masu bashi a wuya da 'ya'ya a makaranta. Amma bari mu auna su ɗaya ɗaya.

Gaskiya ne ba mu roƙa ba. To, amma mai kanti ya yi niyyar ba mu kyauta? Bai yi ba. Abin da ya yi niyya shi ne ya biya mu kuɗin buhu 5. Kyauta sai da niyyar mai bayarwa. In akuyar maƙwabci ta ɓalle ta shigo garkenmu da dare, ba mu ne muka jawo ta ba, amma wannan bai mai da ita tamu ba.

Batun tsintuwa kuwa, ko a al'adarmu wanda ya tsinci abu cigiya yake yi. Maƙwabtanmu Musulmi ma malamansu suna koyar da cewa mai tsintuwa ya yi ta shela har shekara guda. Wannan fa ga abin da ba a san mai shi ba ke nan. Mu kuwa mun san mai kuɗin, mun san kantinsa, sunansa yana kan rasit ɗin da ke hannunmu.

Sai maganar ramuwa. In an sayar mana da kayan banza, muna da haƙƙi, kuma akwai hanyar nemansa. Dokar kare masu sayen kaya da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta ba mai saye ikon mai da kayan da ba su da kyau. Akwai kuma shugabannin kasuwa da za a kai wa ƙara. A nemi haƙƙin a fili, da rana tsaka. Wanda ya yi wa kansa shari'a a ɓoye, shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne kuma mai cin tarar.

Wa zai ɗauki asarar?

Nan ne ya kamata mu dakata mu yi tunani. Mukan ce mai kanti yana da hali, ba zai ji a jikinsa ba. Amma sau da yawa ba shi ne ke zaune a kanti ba. Yaro ne, ɗan wani talaka kamarmu, wanda aka ba amana. Ran da maigida ya zauna yin lissafi ya ga giɓin naira 150,000, ba zai ce ƙungiyar manoma ta ci ba, gama bai sani ba. Yaron zai duba. Ko a riƙa cirewa daga ɗan abin da ake biyansa wata da watanni, ko a kore shi da sunan ɓarawo, sunan da zai bi shi duk inda ya je neman aiki. Ga shi kuwa laifinsa guda ne: ya tausaya wa ma'ajinmu don kada dare ya yi masa.

A Littafin Farawa, sura 42 da 43, 'ya'yan Yakubu sun je Masar sayen hatsi a lokacin yunwa. Da suka kwance buhunansu sai suka tarar da kuɗin da suka biya a ciki. Da za su koma, tsohon ya umarce su su mai da kuɗin nan, domin yana zaton ko kuskure aka yi. Ku lura, yunwa ake yi, mai sayar da hatsin kuwa hukumar ƙasa ce mai arziki, duk da haka Yakubu bai ɗauki kuskuren wani a kan rabonsa ba.

Doka ma ba ta yi shiru ba

Kada wani ya zaci wannan maganar wa'azi ce kawai. Dokar Final Kod ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta lissafta mai da dukiyar wani tamkar taka da rashin gaskiya a cikin laifuffuka, ko da ba sata ce ta kawo ta hannunka ba.

A wasu ƙasashe ma haka abin yake. A watan Mayu 2021 wani kamfani mai suna Crypto.com ya tashi mai da dala 100 ta Ostareliya ga wani mai hulɗa da shi. Ma'aikaci ya rubuta lambar asusu a gurbin adadin kuɗi, sai fiye da dala miliyan 10 suka faɗa asusun wata mata a Melbon. Wata 7 ba wanda ya lura, har aka sayi gida da wani kashi na kuɗin. Da masu binciken lissafi suka gano, kotu ta ce a sayar da gidan a biya, kuma ita da abokin zamanta duka sun ɗanɗana zaman kurkuku. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

A nan gida kuwa, a watan Satumba 2023, wani saurayi mai tuƙa a-daidaita-sahu a Kano ya mai da kuɗi kimanin naira miliyan 15 da wani ɗan kasuwa daga Chadi ya manta a kekensa, bayan ya ji cigiya a rediyo. Jama'a suka yi ta sa masa albarka da kyautai. Amma lokacin da ya kama hanyar mayarwa, bai san za a ba shi ko kwabo ba.

Abin da ƙungiya za ta yi

Na ɗaya, ma'aji ya rubuta rarar a littafi ran da ta shigo, ya sanar da shugaba da magatakarda. Kada a taɓa ta, ko da sunan aro.

Na biyu, a tabbatar kuɗin sun shiga asusu da gaske. Akwai 'yan damfara masu aiko da saƙon ƙarya, sa'an nan su bugo waya suna kuka wai sun yi kuskure. A je banki a duba tukuna.

Na uku, mutum biyu su tafi wurin maigidan kanti da kansa, yaron yana tsaye, su nuna rasit, su mayar, su karɓi shaida a rubuce.

Na huɗu, in ya ce ya bar mana wani abu, to, yanzu ya zama kyauta, mu karɓa da godiya. In bai ce ba, kada mu roƙi tukwici.

Na biyar, a karanta wa dukan 'yan ƙungiya a taro na gaba, don matasa su ji.

'Yan'uwa, jarin ƙaramar ƙungiya ba kuɗin da ke asusunta ba ne kaɗai. Wata damina za ta zo da hannunmu ba kome, mu je neman taki bashi sai kaka. Ran nan mai kanti ba zai tambayi girman gonarmu ba, abin da ya sani game da amanarmu shi zai duba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kuma sa mu ci guminmu da kwanciyar rai.